Daga ƙwaya ɗaya zuwa biyu: tarihin maganin ƙari ga farfaɗiyar da ta gagari magani



Cikin buƙatun da suke zuwa wa asusun taimakon ƙungiya, in aka cire kuɗin haihuwa da na kai gawa gida, akwai wadda ba ta yankewa, wato kuɗin maganin farfaɗiya. Kuma mun daɗe da lura da wani abu. Muddin likita ya rubuta ƙwaya iri ɗaya, iyaye sukan daure su saya wata bayan wata. Ranar da ya ce za a ƙara ta biyu a kan ta farko, sai gwiwa ta yi sanyi. Wani ya ce asibiti ya gaza, gwaji kawai ake yi da yaron. Wani ya ce dama ciwon ba na asibiti ba ne, a sa shi a mota a kai shi gida. A tsakanin nan ake yanke ƙwayoyin gaba ɗaya, alhali yanke su farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda take kisa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun wannan magani na ƙari, daga ina ya fito, me ya yi wa mutane, me kuma ya kasa yi. Tarihi ne muka kawo, don haka kada wani ya ƙara ko ya rage ƙwayarsa saboda ya karanta shi.

Ciwon dai tsoho ne. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, sun rubuta kamanninsa a allunan yumɓu kimanin shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka jingina kowane irinsa ga wani iska. Wajen shekara 400 kafin haihuwar tasa, wani littafi da ake dangantawa ga likitan Girka Hippocrates ya ce daga ƙwaƙwalwa ciwon yake tasowa kamar sauran cututtuka. Likitocin Musulmi irin su Arrazi da Ibnu Sina sun tafi a kan haka, suka yi masa babi a littattafansu. Ibnul Ƙayyim ma, a Zadul Ma'ad, ya kasa shi gida biyu, na shafar aljanu da wanda yake tasowa daga jiki, kuma ya ce na biyun shi ne fagen likitoci. Mun kawo wannan ne saboda masu ganin kai mai farfaɗiya asibiti raunin imani ne. Malaman da muke karantawa ba su ce haka ba.

Amma sanin inda ciwo yake daban, samun maganinsa daban. Sai a watan Mayu na 1857 aka fara jin abin da yake aiki da gaske. A wani taron likitoci a Landan, Sir Charles Locock, likitan da yake karɓar haihuwar Sarauniya Victoria, ya ce ya ba mata 15 masu faɗuwa wani gishiri mai suna buromaid, kuma mace ɗaya ce kaɗai bai yi wa aiki ba. Dalilin da ya sa ya ba su ba daidai ba ne, don shi a ganinsa ciwon nasu yana da alaƙa da al'ada da sha'awa. Gishirin bai damu da dalilinsa ba, ya yi aiki. Nan da nan ya bazu, har ta kai asibitin masu shanyewar jiki da farfaɗiya da aka buɗe a Landan a 1860 yana rabar da shi tan-tan a shekara. Sai dai kuɗin da jiki yake biya ba kaɗan ba ne: ƙuraje a fuska, nauyin baki, mantuwa, mutum ya zauna sukuku kamar an zare masa laka.

Tun a wannan zamani aka fara maganar ƙari. William Gowers, ɗaya daga manyan likitocin wancan asibiti, ya rubuta a littafinsa na 1881 cewa idan buromaid shi kaɗai ya kasa, yakan haɗa shi da wasu magungunan tsirrai, har da tsatson tabar wiwi ta Indiya, kuma wasu marasa lafiya sukan samu sauƙi. Ke nan likitan da ya ƙara wa ɗanka ƙwaya ta biyu bai zo da sabon abu ba, dabarar ta haura shekara 140.

A 1912 wani matashin likita a garin Freiburg na Jamus, Alfred Hauptmann, yana kwana a saman ɗakin masu farfaɗiya, faɗuwarsu da dare tana hana shi barci. Sai ya ba su wata sabuwar ƙwayar barci ta kamfanin Bayer mai suna Luminal, don su yi barci shi ma ya samu ya runtsa. Da ya duba, faɗuwar ta ragu da dare, ta ragu da rana. Wannan ita ce fenobabiton, ƙaramar farar ƙwayar nan da har gobe ita ce mafi araha a kemis, kuma ita ce har yanzu take riƙe da miliyoyin talakawa a Afirka da Asiya.

Wadda ta biyo baya ba da tsautsayi aka same ta ba, nemanta aka yi. A Bostan ta Amurka, Tracy Putnam da Houston Merritt sun ƙera na'urar da take sa wa kyanwa jijjiga da wutar lantarki, suka riƙa ba kyanwoyin sinadarai ɗaya bayan ɗaya suna duba wanne zai hana. Cikin waɗanda kamfanin Parke-Davis ya aiko musu akwai fenitoyin, wanda wani Bajamushe ya haɗa tun 1908 aka ajiye shi ba a san amfaninsa ba. A 1938 suka sanar cewa yana tsayar da faɗuwa ba tare da ya kwantar da mutum barci ba. Shi ne Epanutin, wanda dattawanmu suka sani da kumbura dasashi. Kabamazefin, wato Tegretol, an haɗa shi a Siwizalan a 1953, ya shiga hannun masu farfaɗiya a shekarun 1960. Shi kuwa balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, labarinsa ya fi ban dariya. Tun 1882 ake da shi, ana amfani da shi wajen narkar da wasu sinadarai kawai. Wajen 1962 masu bincike a Faransa suka ga duk sinadarin da suka narkar a cikinsa yana hana ɓeraye jijjiga. Daga baya suka gane ashe ruwan narkarwar ne maganin. Faransa ta fara sayar da shi a 1967.

Da magunguna suka yi yawa, sai likitoci suka wuce gona da iri. An koma ganin cewa ƙwaya uku kaɗan-kaɗan ta fi ɗaya mai yawa, har kamfanoni suna haɗa fenitoyin da fenobabiton cikin ƙwanso ɗaya. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai huɗu a farkon shekarun 1970, kan marasa lafiya sama da 11,000, ya nuna kowane mutum yana shan magani wajen iri uku. Mutane suna yawo a buge, yara ba sa gane karatu, kuma ba wanda ya san wace ƙwaya ce take aiki, wacce ce take cutarwa.

Likitoci biyu a asibitin King's College na Landan, Edward Reynolds da Simon Shorvon, su suka taka wa abin birki daga 1976 zuwa ƙarshen shekarun nan. Lokacin an samu hanyar auna yawan magani a cikin jini. Suka nuna cewa mafi yawan sababbin marasa lafiya ƙwaya ɗaya ta ishe su in an ba da ita daidai gwargwado. Suka kuma ɗauki waɗanda aka jibga wa magunguna suka rage musu a hankali, sai ga da yawa hankalinsu ya dawo, wasu ma faɗuwar ta ragu. Daga nan ƙa'ida ta sauya a duniya: a fara da ɗaya, a ɗaga ta har iyakar abin da jiki zai ɗauka, in ta kasa a gwada wata, sannan a yi maganar haɗawa. Wannan shi ne bambancin maganin ƙari da jibge. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ake yi a wasu kemis-kemis na unguwanninmu, inda ake ƙulla wa mutum ƙwaya kala huɗu a leda ba suna ba takarda, shi ne jibgen da Turai ta baro shekara 50 da suka wuce.

To, ina labarin waɗanda ɗayan ba ta ishe su ba? Su ne suka daɗe suna jira. A Amurka, daga 1978 da aka amince da Epilim har 1993, ba wani babban sabon maganin farfaɗiya da ya fito. Kamfanoni suna ganin ba riba. Gwamnatin ƙasar ce ta buɗe wani shiri a 1975 tare da Jami'ar Utah, inda duk mai sinadari zai aiko a gwada masa a jikin ɓeraye kyauta. Dubban sinadarai suka bi ta nan, kuma da dama daga magungunan da suka fito daga baya sun ratsa ta wannan ƙofa.

A nan ne kalmar "ƙari" ta samu ma'anarta ta yanzu, kuma yana da kyau a fahimce ta. Idan za a gwada sabon magani, ana raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wacce ya samu ba. Amma ba mai imanin da zai karɓe wa mai farfaɗiya maganinsa ya ba shi holoƙo na wata uku. Don haka sai a nemo waɗanda suke shan magani amma suna ci gaba da faɗuwa, a bar su a kan abin da suke sha, a ɗora musu sabon ko holoƙon a kai. Bayan kamar mako 12 sai a ƙirga mutum nawa ne faɗuwarsu ta ragu da rabi. Saboda haka kusan duk sabon maganin farfaɗiya da lasisin ƙari yake fara fitowa. Wannan ba ya nufin ƙaramin magani ne ko ɗan rakiya. Lamictal da Keppra duk ta haka suka shigo, yau kuma su ake fara ba wa mutane su kaɗai.

Daga 1989 ƙofa ta buɗe. Bigabatirin, mai sunan kasuwa Sabril, ya fito a Ingila a shekarar. Lamotirijin, wato Lamictal, ya biyo a 1990 da 1991. A 1993 Amurka ta amince da Felbatol da Neurontin, sai Topamax a 1996, wanda mai haɗa shi maganin ciwon sukari yake nema ya yi karo da shi. An yi murna ƙwarai, amma murnar ta zo da hawaye. Felbatol, cikin shekara guda mutum sama da 100,000 suka sha shi, sai a 1994 aka gano yana kashe ɓargon da yake ƙera jini a jikin wasu, yana lalata hantar wasu, an kuma rasa rayuka. Sabril kuwa sai a 1997 aka fara ba da rahoton yana cinye ganin gefen ido, daga baya aka ga abin yana shafar wajen mutum ɗaya cikin uku, kuma ganin ba ya dawowa. Gwajin wata uku kan mutum ɗari biyu ko uku ba zai nuna irin wannan ba. Duka biyun ana amfani da su har yanzu, amma ga nau'o'i masu tsanani kawai, da sa ido sosai.

Lamictal ya koyar da wani darasin. Idan aka fara shi da yawa lokaci ɗaya yana iya fesar da ƙurajen da suke saɓule fata da baki da ido, masu iya kisa. Kuma Epilim yana hana hanta fitar da shi da wuri, sai ya taru a jini ya ninka. Amma kuma wani bincike na 1997 ya nuna waɗannan biyun, in aka haɗa su da lissafi, suna aiki fiye da yadda kowanne yake yi shi kaɗai. Har yau wannan haɗin yana cikin waɗanda aka fi samun hujja a kansu. Shi ya sa likita zai fara da 'yar mitsitsiyar ƙwaya, wani lokaci ma yau a sha gobe a tsallake, ya ɗauki makonni yana ɗagawa. Mun sha jin iyaye suna cewa likitan yana jan rai ne don a yi ta komawa. A'a, fatar yaron yake karewa.

Keppra, wanda sunansa na asali lebetirasetam, na wani kamfanin Beljiyam ne, kuma saura ƙiris a jefar da shi, don ya faɗi gwaje-gwajen ɓeraye guda biyu da aka saba tace magunguna da su. A jikin wasu ɓeraye masu jijjiga in sun ji ƙara aka ga amfaninsa. Amurka ta amince da shi a ƙarshen 1999, kuma sai a 2004 aka gano ainihin inda yake kamawa a ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ba ya rigima da sauran magunguna a hanta. Aibinsa kuwa saurin fushi da baƙin rai ga wasu. Idan yaro mai haƙuri ya koma mafaɗaci bayan an fara masa shi, a gaya wa likita kafin a ce aljanu ne suka sauya salo.

Direbobinmu za su fi saurin gane yadda ake zaɓen na biyun. Farfaɗiya wutar ƙwaƙwalwa ce take ɓallewa lokaci ɗaya. Wasu magunguna totur suke sassautawa, kamar Tegretol da Epanutin da Lamictal. Wasu birki suke ƙarfafawa, kamar fenobabiton da Frisium. Keppra kuwa saƙon da jijiya take miƙa wa 'yar uwarta yake ragewa. Likita yakan so ya haɗa biyu masu aiki ta hanya daban. In aka haɗa masu hanya ɗaya, sau da yawa jiri da ganin abu biyu-biyu da tangaɗi su suke ƙaruwa fiye da sauƙin.

Duk da wannan tarin magunguna, nawa ne suke warkewa? Amsar da ta fi shahara daga Gilasgo ta Sikotilan ta fito. A shekarar 2000 Patrick Kwan da Martin Brodie suka ba da rahoton mutum 470 da ba su taɓa shan magani ba kafin su zo asibitinsu. Kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da maganin farko, kashi 13 da na biyu, kashi 1 da na uku, kashi 3 da haɗin biyu. Sauran, sama da ɗaya cikin uku, suka ci gaba da faɗuwa. A 2018 asibitin ya sake ƙirga mutum 1,795 da ya duba cikin shekara 30, bayan duk sababbin magungunan nan sun shigo, sai aka tarar da kashi 64 cikin 100 ne suka samu shekara ba faɗuwa. Kusan inda ake nan ake. Sababbin sun fi sauƙi a jiki, sun fi dacewa da masu ciki da tsofaffi, amma ba su rage yawan waɗanda ciwon ya gagara ba yadda aka yi fata. Wani nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwajen ƙari masu yawa ya nuna cewa, in aka cire abin da holoƙo yake yi, mutum 6 cikin 100 ne suke daina faɗuwa ɗungurungum, 21 kuma take raguwa musu da rabi.

Wani zai ce to ina amfanin? Mu a ganinmu wanda ya faɗi haka bai taɓa renon mai ciwon ba. Matar da take faɗuwa sau takwas a wata ta koma sau uku, an rage mata ranakun da za ta iya kifawa cikin murhu ko tafasasshen mai. Yaron da ya koma faɗuwa cikin barci kawai zai iya zama a aji. Kuma ƙofar ba ta rufe ba: Shorvon ɗin nan da abokin aikinsa sun bi mutum 155 masu daɗaɗɗiyar farfaɗiya a Landan, suna sauya musu magani ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, suka ruwaito a 2007 cewa kashi 28 cikin 100 sun kai ga daina faɗuwa.

A 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya, wadda aka kafa tun 1909, ta yanke ma'anar farfaɗiyar da ta gagari magani: sai an gwada magani biyu da suka dace da nau'in ciwon, jiki ya karɓe su, an sha su yadda ya kamata, ɗaya bayan ɗaya ko a haɗe, amma faɗuwa ba ta tsaya ba. A sake karanta sharuɗɗan nan a hankali, domin a nan tarihin Turai ya rabu da namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne suke da farfaɗiya, wajen kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun maganin da suke buƙata. A wajenmu, da yawa daga waɗanda ake cewa ciwonsu ya gagara, maganin ne bai isa gare su yadda ya kamata ba. Ana sha mako uku a huta mako ɗaya kafin kuɗi su samu, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023 magungunan waje suka yi tashin gwauron zabi. Ana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Yaro ya girma ya ninka nauyinsa amma yana kan awon da aka rubuta masa yana ɗan shekara biyar. Ko kuma a ba da maganin da bai dace da nau'in ba: Tegretol, alal misali, yana iya ƙara tsananta irin wadda yaro yake ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi yana zuru. Sai kuma ingancin ƙwayar kanta. Wani bincike da aka buga a 2018 kan magungunan farfaɗiya a Gabon da Kenya da Madagaska ya tarar kusan ɗaya cikin uku ba su cika awo ba, wasu tun daga masana'anta, wasu zafi da laima ne suka lalata su a shago. Duk wanda ya san damshin Legas ko Fatakwal da damina ya san abin da ake nufi. A duba lambar NAFDAC, a saya a wuri ɗaya amintacce, a bar ƙwaya cikin takardarta har lokacin sha.

Ƙasar nan ma tana da nata shafin a tarihin. Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Badun da abokan aikinsa sun bi gida-gida a yankin Ibarapa na jihar Oyo a shekarun 1980. A ƙauyen Aiyete suka samu mutum 37 cikin kowane 1,000 suna da farfaɗiya, a Igbo-Ora kuwa, da ba ta da nisa da shi, wajen mutum 5 ne cikin 1,000. Yare ɗaya, abinci ɗaya. Bambancin da masu binciken suka nuna shi ne Igbo-Ora ta daɗe da cibiyar lafiya mai awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafi. Abubuwan da suke raunata ƙwaƙwalwa mun san su: doguwar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a hatsarin acaɓa ba hular kwano, da sanƙarau irin na 1996 da ya kama mutum sama da 100,000 a arewa, ya bar wasu da kurumta wasu da faɗuwa. Farfaɗiyar da ta samo asali daga tabo a ƙwaƙwalwa tana cikin waɗanda suka fi gagarar ƙwaya ɗaya, don haka masu buƙatar ƙari ba za su yi kaɗan a cikinmu ba.

Akwai kuma rigimar magani da magani, wadda ta fi shafarmu fiye da Bature. Tegretol da Epanutin da fenobabiton suna sa hanta ta ƙone wasu magunguna da sauri. Suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa, suna raunana wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, kuma takardar Coartem da muke sha don zazzaɓi ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da Tegretol ko Epanutin. Taramol kuwa shi da kansa yana tayar da jijjiga, har ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai ciwon. Matasanmu masu aikin ƙarfi a kasuwa da tasha su ji wannan. Sai maganar 'ya'ya mata. Epilim magani ne mai ƙarfi, amma idan mai ciki ta sha shi, wajen jariri ɗaya cikin goma yakan zo da tawaya, uku zuwa huɗu cikin goma kuma sukan samu jinkirin magana ko fahimta. Turai ta tsaurara dokarsa ga mata a 2018. Yarinyar da take shan sa, a kai ta wajen likita tun kafin a sa rana, a tattauna sauyi. Wadda ta riga ta samu ciki kuma kada ta yanke da kanta, ta je asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Lamictal a jerin magungunan dole a 2017, ta sa Keppra a 2023, kuma su biyun suna cikin waɗanda suka fi sauƙi ga masu ciki.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo wasu, yawancinsu ba su iso kemis ɗinmu ba, in sun iso ma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tura baro. Biyu sun cancanci ambato. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, wani mai da aka tace daga tabar wiwi aka raba shi da sinadarin da yake bugarwa, don wasu nau'o'i masu tsanani na yara. A gwajin yara 120, jijjiga ta sauko daga kusan sau 12 a wata zuwa 6. Abin da Gowers ya hango a 1881 ke nan, amma wannan ba lasisi ba ne ga mai zuƙa a bayan tasha, don abin da yake zuƙa ba shi ne wannan man ba. Na biyu shi ne senobamet na wani kamfanin Koriya ta Kudu, da aka amince da shi a ƙarshen 2019. A babban gwajinsa, wajen mutum ɗaya cikin biyar da suka sha awo mafi girma sun daina faɗuwa a lokacin gwajin, a ɓangaren holoƙo kuwa ɗaya cikin 100. An daɗe ba a ga irin wannan adadi ba. Shi ma sai da ya yi kisa a farkon gwaji saboda saurin ɗaga awo, kafin a koma ɗaga shi a hankali.

Ba ƙwaya ce kaɗai hanya ba. Tun 1886 Victor Horsley ya yi wa wani matashi tiyata a Landan ya cire tabon da yake tayar masa da faɗuwa. A 2001 likitocin Kanada suka raba mutum 80 masu farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa gida biyu, rabi tiyata rabi ci gaba da magani. Bayan shekara, kashi 58 cikin 100 na masu tiyata sun rabu da faɗuwar da take gusar da hankali, na magani kuwa kashi 8. Shi ya sa ƙa'idar yanzu take cewa da zarar magani biyu sun kasa, a tura mutum ga ƙwararre a sake bincike daga tushe, da awon wutar ƙwaƙwalwa da hoton kai, maimakon a yi shekara 15 ana sauya ƙwaya. Wani lokaci ma binciken yakan nuna suman ba farfaɗiya ba ce, zuciya ce ko damuwa.

Inda muke zaune ƙwararrun ba su yi nisa ba: asibitocin koyarwa na Badun da Legas da Benin da Inugu da Fatakwal, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Aro ta Abekuta, Yaba, Uselu, Inugu da Kalaba. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, nan likitocin suke. Abin da suka fi buƙata daga gare mu uku ne, kuma ba na kuɗi ba ne: ƙaramin littafi da ake rubuta ranar kowace faɗuwa da ranar da aka tsallake magani, hoton bidiyo na waya idan abin ya taso, don likita ba ya nan lokacin, da kwalayen duk abin da ake sha, har na gargajiya. Wanda Hausa kaɗai yake ji ya yi wa ƙungiya magana a haɗa shi da mai rakiya. Mai son yin azumi ya tambayi likita tun Sha'aban ko za a iya mayar da shan ƙwayar sahur da buɗa-baki, ya kuma kiyayi rashin barci, don yana tayar da ciwon.

Idan kuwa wani ya faɗi a gabanmu, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa da shi, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe ɗaya in jijjigar ta lafa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a kara ƙafarsa a wuta. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a nufi asibiti mafi kusa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.